Akwatin Lasifika: Mu Ƙera Da Kanmu

A taron ƙungiya, na baya sukan koma gida ba su ji kuɗin taki ba. Akwatin lasifika na kanti kuwa akwai tsada. To, mu haɗa namu.

Me ya sa sai da akwati? Takardar lasifika tana tura iska ta gaba da ta baya. In ba abin da ya raba su, sai su kashe juna, murya ta fito siririya kamar ta sauro. Aikin akwati ke nan, ya tsare iskar baya. Saboda haka ko ƙaramar kafa ɓarna ce.

A wurin masu katako a Sakkwato, falle ɗaya na filawud ƙafa 8 ne da ƙafa 4, ya ishe mu akwati biyu. Mu sayi mai kaurin milimita 18. Siriri ya fi araha, amma rawa yake yi yana ƙara, mu dai ba mu ga ribarsa ba. Ga lasifika mai inci 8, akwati ya yi tsawon inci 18, faɗi 12, zurfi 10. Ramin gaba kamar inci 7, amma a auna lasifikar tukuna, zarto ba ya mayar da abin da ya ci.

Mu shafa gam a kowace mahaɗa kafin mu buga ƙusa, mu shimfiɗa auduga a ciki. A gaba a ɗaura yadi marar kauri saboda ƙurar hunturu. Kada a bar shi a ranar Afrilu, ko a ƙasa inda gara take.