Ko Kun Sani?

A watan Satumba 2021, lokacin da aka katse layukan sadarwa a ƙananan hukumomi 13 na Jihar Katsina, har da Jibiya, mai gyaran kwamfuta da ke da filashi a aljihu bai rasa abin yi ba. Filashi ɗaya na iya ɗaukar Windows ko Linux sukutum, ya tayar da kwamfuta ba tare da intanet ba. Sai dai tsarin tayar da kwamfuta na UEFI, wanda ya gaji BIOS, ya fi gane filashin da aka tsara da FAT32, shi kuwa FAT32 ba ya karɓar fayil da ya haura gigabait 4. Manhajar Rufus tana warware wannan matsalar.