Kiɗa a ɗakin aikin ido: abubuwan ban mamaki a taƙaice

Aikin cire yanar ido yawanci ba a sa mutum barci. Idon kawai ake kashewa da magani, a rufe fuskar da ƙyalle, a bar kunne yana jin ƙarar na'ura da maganar likita. Tsohon da ya taso daga Rabah ko Goronyo, bai taɓa kwana asibiti ba, dole gabansa ya faɗi. Jini ya hau, jiki ya ɗau rawa, alhali aikin ba ya son motsi ko kaɗan.

A asibitin Cochin da ke Paris an yi gwajin kiɗa da mutum 309 masu jiran wannan aiki, aka fitar da sakamakon a 2021. Waɗanda suka saurari kiɗa mai sanyi na minti 20 kafin aiki, kusan kashi 14 cikin 100 ne jininsu ya hau. Waɗanda ba su saurara ba, fiye da rabi.

Dabarar ta tsufa. Tun 1914 likita Evan O'Neill Kane na Amurka yake kunna garmaho a ɗakin fiɗa. Shi ne kuma ya yi wa kansa fiɗa a 1921, ya cire tsiron hanjinsa. Wannan kam ba a kwaikwaya!

A 2015 wani bincike da mujallar Lancet ta wallafa ya haɗa gwaje-gwaje 73, ya ga kiɗa yana rage raɗaɗi har ga waɗanda aka sa barci.

Mu dawo gida. Maganar ido ba baƙuwa ba ce a Wurno: Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, wanda ya rasu a can a 1837, yana da rubutu a kan maganin ciwon ido. Sai dai binciken da aka yi a faɗin Najeriya daga 2005 zuwa 2007 ya gano fiye da kashi 40 cikin 100 na idanun da aka taɓa saboda yana, masu aikin gargajiya ne suka tura yanar ciki da tsinke, mafi yawan idanun nan kuma sun makance. A ganina tsoron asibiti yana da hannu a nan.

To, me za a kunna? Ban da kalangun Ɗan Anace mawaƙin 'yan dambe, kar tsoho ya tuna damben Shago ya girgiza kai. Da yawa za su zaɓi karatun Alƙur'ani, wanda aka gwada a Iran da Malesiya aka ga yana rage fargaba. A dai rage murya, don idan likita ya ce "Baba, kalli fitila", ya ji.