Katin Bashi a Titin TAR: Ɓarawon Ya Bar Kanti Ya Koma Waya

Da wuya ɗan kasuwar Kano ko ɗalibin Sakkwato ya sauka a Kuala Lumpur ya koma gida bai taka Jalan Tuanku Abdul Rahman ba, titin da 'yan gari ke gajartawa da Jalan TAR. Ya taso ne daga filin Dataran Merdeka ya miƙe arewa har unguwar Chow Kit, kuma Batu Road ake kiransa kafin a raɗa masa sunan sarkin Malesiya na farko bayan samun 'yanci a 1957. Shagunan yadi da gyale da hijabi na jere kafaɗa da kafaɗa, ga katafaren kantin Sogo da aka buɗe a 1994, ga gidan siliman Coliseum da ke tsaye tun 1920. Goman ƙarshe na azumi kuwa, ba masaka tsinke.

Mai lura zai ga wani abu a wurin biya. Galibi yarinyar da ke kan kanta ba ta karɓar katin mutum ta ɓace da shi. Na'urar take juyowa gabansa. In katin na bankin Malesiya ne kuma cinikin bai haura ringit 250 ba, ɗora shi kawai zai yi, na'urar ta yi ɗan ƙara, a miƙo rasit. In ya haura, sai ya danna lambobin sirri shida. Ba a miƙo wa kowa biro ya sa hannu.

Wuya ce ta koya wa ƙasar wannan tsari. A farkon shekarun 2000 Malesiya ta yi ƙaurin suna wajen kwafar kati. A lokacin dukkan bayanan kati na kwance a baƙin layin nan na bayansa, don haka ma'aikacin gidan abinci marar tsoron Allah kan goga shi a wata 'yar na'ura da ba ta fi kwalin ashana girma ba, kafin ya kawo canji an gama kwashe komai. Wasu gungun ma layukan wayar da ke haɗa kantuna da bankuna suke tsotsa. Babban bankin ƙasar, Bank Negara Malaysia, ya tilasta wa bankuna komawa kati mai cif, wato ɗan ƙarfen nan mai ruwan zinare da ke fuskar kati, aka kammala a 2005, ƙasar ta shiga sahun farko a nahiyar Asiya. Sa hannu ya ci gaba na wasu shekaru, har ranar 1 ga Yuli 2017 da aka daina karɓarsa ga katunan cikin gida.

Kwafar kati ta ja baya sosai, amma ɓarayin ba su tuba ba, sana'a suka sauya wa salo. Sayayya ta intanet ba ta buƙatar katin a hannu: lambobinsa 16, watan ƙarewarsa, lambobi uku na baya, sai lambar tabbatarwa da banki ke turowa waya, wadda 'yan Malesiya ke kira TAC. Ukun farko ana iya samu ta hanyar kutse. A Oktoba 2017 aka bankaɗo cewa bayanan layukan waya miliyan 46.2 na ƙasar sun fita waje, adadin da ya zarce yawan al'ummarta. A Agusta 2022 kamfanin iPay88, mai sarrafa biyan kuɗi ta intanet, ya sanar da cewa an yi masa kutse da ya shafi bayanan katuna. Lambar ƙarshe ce ba ta satuwa cikin sauƙi. Ita sai mai katin ya faɗa da bakinsa, ko ya buɗe ƙofar wayarsa da hannunsa.

Shi ya sa ake kira. Murya mai ladabi za ta ambaci cikakken sunan mutum, ta ce daga banki ne, an yi sayayya ta dubban ringit da katinsa. Ya ce bai san zancen ba, ko ma ba shi da kati a wannan banki. Sai a nuna masa tausayi, a ce lallai wani ya yi amfani da sunansa, bari a haɗa shi da jami'in Bank Negara ko ɗan sanda. Murya ta biyu ba ta da ladabin ta farko: akwai zancen safarar kuɗin haram, akwai sammaci, kada ya kashe waya, kada ya gaya wa kowa. Kafin hankalinsa ya dawo jikinsa ya karanto lambar da ta shigo, ko ya kwashe kuɗinsa zuwa wani asusu da aka ce na tsaro ne. 'Yan sandan ƙasar na kiran wannan damfarar Makau. Baƙo ya fi kowa saurin faɗawa, domin wanda bizarsa ke hannun hukuma, jin kalmar ɗan sanda kaɗai na tsinka masa zuciya. Wanda ya saba da "Alhaji, daga banki muke kira, za a rufe BVN ɗinka yau" ya san waƙar, amshin ne kawai ya bambanta.

Akwai kuma tallar da ke yawo a Facebook ta masu sharar gida ko abinci mai rahusa. A ce mutum ya sauke wata manhaja da aka turo ta WhatsApp, ita kuma ta zauna cikin waya tana karanta saƙonnin banki tana aikawa. Wannan ya sa a Satumba 2022 Bank Negara ya umarci bankuna su bar turo lamba ta saƙon waya su koma amincewa ta cikin manhajar banki, su ɗaure kowane asusu da waya ɗaya tak, su kuma sa lokacin jira ga wanda ya yi rajista da sabuwar waya. Wanda ya sayi waya a Pertama Complex da la'asar ya ga banki ya ce ya dakata awa 12 kafin ya iya tura kuɗi zai yi tsaki, amma awa 12 ɗin nan su ne ke tsakanin ɓarawo da asusun wani. A watan da ya biyo bayan umarnin na Bank Negara aka buɗe cibiyar kai ɗauki ta ƙasa mai lambar kira 997.

Ta fuskar doka, mai kati a Malesiya ba maraya ba ne. A 2009 babbar kotun Kuala Lumpur ta yanke hukunci a ƙarar wata mata da aka sace wa kati aka ci sama da ringit 1,800, bankin Citibank ya nemi ta biya. Kotu ta ce ƙa'idar Bank Negara da ta taƙaita abin da ke wuyan mai kati zuwa ringit 250 tana da ƙarfin doka, ba shawara ba ce. Ƙa'idojin da suka biyo baya sun fayyace inda kariyar ke faɗuwa: in mai katin da hannunsa a damfarar, in ya yi jinkirin sanar da banki bayan ya gano, in ya faɗa wa wani lambar sirrinsa da son ransa ko ya rubuta ta a jikin katin, in ya yar da katin inda kowa zai iya ɗauka, ko ya ba wani ya yi amfani da shi.

A nan gizo ke saƙa ga mutanenmu. A Kano ba abin mamaki ba ne Alhaji ya zaro kati ya miƙa wa yaron shago ya ce, "Je ka wajen mai POS ka ciro min dubu hamsin, ka san lambar ai." Uwa ta ba ɗa, miji ya ba mata, aboki ya ara wa aboki. Ana ganin hana lambar kamar zargi ne, kuma zargin ɗan'uwa abin kunya ne. Ɗabi'ar kan biyo mutum har Kuala Lumpur, inda ɗalibi ke ara wa baƙon da ya zo sari katinsa ya zaga shagunan titin TAR. Yarda abu ce mai kyau, amma fom ɗin ƙorafi na banki tambaya ɗaya yake yi: akwai wanda ya san lambar bayan kai? Amsar "ƙanena ne kawai" ta isa ta rusa ƙarar. Aron asusu ya fi wannan muni. Wanda ya bari aka turo kuɗin da bai san asalinsu ba ta asusunsa don a ba shi na goro, sunansa na iya bayyana a Semak Mule, shafin 'yan sanda da kowa ke iya duba lambar asusu ko ta waya kafin ya tura kuɗi, kuma tun 2024 kundin hukunta laifuka na ƙasar ya ware wa wannan sassa na musamman.

In abin ya riga ya faru, gudu ne. A fara rufe katin ta manhaja ko a kira lambar da ke bayansa, ba lambar da ta kira mutum ba. In kuɗi sun fita daga asusu a kira 997 nan take, tun ba a rarraba su ba. Sai rahoton 'yan sanda. Ofishinsu na Dang Wangi na kan titin da ya ratsa Jalan TAR kusa da Sogo. Sannan a rubuta wa banki ƙorafi a karɓi lambar shaida, domin bankuna da dama kwanaki 14 suke bayarwa daga ranar fitar da takardar lissafin wata. Wanda hukuncin banki bai gamsar da shi ba yana da wata shida ya kai ƙara hukumar sasanci ta FMOS, wadda ta fara aiki a Janairu 2025, kuma ba a biyan ko sisi. Katin da bankin Najeriya ya bayar kuwa, ko a Sogo aka ci kuɗinsa, ƙorafinsa gida zai koma: bankin da ya bayar da shi, in an yi mako biyu ba a warware ba sai sashen kare haƙƙin abokan hulɗa na CBN.

Asarar kuɗi ita ake gani, amma akwai wadda ta fi ta daɗewa. Mutumin da aka cuta yakan fusata ya ce ba zai biya banki ko ƙwandala ba sai an wanke shi. A fahimce shi, sai dai ya kwana da sanin CCRIS, rumbun bayanan bashi da Bank Negara ke riƙe da shi tun 2001. Kamar littafin bashin mai shagon unguwa yake, illa shi wannan ba ya jin uzuri. Kowane wata bankuna na aika masa rahoto, a gaban kowane bashi akwai gurabe 12 na watanni 12 da suka wuce. Sifili na nufin ba a bin mutum na baya, 1 na nufin ya makara wata guda, 2 wata biyu, haka har sama. Babu gurbin da ake rubuta "damfararsa aka yi". Jami'in da zai duba takardar neman bashin mota ko na gida jerin lambobin kawai yake gani. Kamfanoni masu zaman kansu irin CTOS kuma, waɗanda dokar 2010 ta tsara aikinsu, suna haɗa wannan da wasu bayanan su fitar da maki daga 300 zuwa 850.

Makara ma ba kyauta ba ce. Kuɗin ruwan katin bashi a Malesiya hawa uku ne, kashi 15, 17 ko 18 cikin ɗari a shekara, kuma mai yawan makara ne ke hawa na sama. Tarar jinkiri kashi 1 ce cikin ɗari, daga ringit 10 zuwa 100. Ko katunan bankunan Musulunci, da aka gina kan ujra ko tawarruƙi don kauce wa riba, rahotonsu na zuwa rumbu ɗaya. Hanyar da ta fi ita ce mutum ya ci gaba da biyan abin da ya san shi ya ci, ya nemi banki a rubuce ya jingine wanda ake gardama a kai, sannan bayan an warware ya duba rahotonsa da idonsa. Dubawar kyauta ce ta eCCRIS tun 2018, kuma rahoton na nuna buƙatun bashi da aka shigar da sunan mutum, wanda nan ne ake kama katin da wani ya nema da takardun da ba nasa ba. In an ga kuskure, bankin da ya aika shi ne zai gyara. Masu tallar cewa za su goge wa mutum suna daga CCRIS in ya biya su, damfara ta biyu ce ke jiran wanda ya fito daga ta farko. Mai neman shawara ta gaskiya ya tsallaka Jalan Raja Laut, titin da ke maƙwabtaka, inda hukumar AKPK da Bank Negara ya kafa a 2006 ke ba da ita kyauta.

Najeriya ma ta kama hanya, ko da yake katin bashi bai yaɗu ba kamar na cirar kuɗi. BVN da aka ƙaddamar a 2014 ta ɗaure duk asusun mutum da suna ɗaya. Akwai kamfanonin tattara bayanan bashi uku, CRC da FirstCentral da CreditRegistry, dokar 2017 kuma ta ba kowa damar karɓar rahotonsa kyauta sau ɗaya a shekara, damar da mutane ƙalilan ke amfani da ita. Tun Agusta 2020 banki na iya cire bashin da aka ƙi biya daga asusun mutum na wani bankin. Wanda aka karɓi bashin manhaja da BVN ɗinsa bai sani ba, sau da yawa sai ranar da ya je neman jari yake jin labari.

Malamin jami'a ko ma'aikacin da ya gama kwantiraginsa a Kuala Lumpur kuma zai tattara ya koma Zariya yana da aiki guda kafin filin jirgi. Yanke kati da almakashi ba rufe shi ba ne. Gwamnatin Malesiya na ɗora harajin ringit 25 a shekara kan kowane katin bashi, ko an yi amfani da shi ko ba a yi ba, kuma in ba a biya ba tara na hawa kai, rahoto na tafiya rumbu wata bayan wata. Ya je reshen banki da fasfo ɗinsa, ya biya abin da ya rage, ya karɓi takardar da ke cewa an rufe katin.