Yadda wasiƙun masana suka tono tarihin zamanin ƙanƙara

A kwarin Glen Roy na ƙasar Sikotilan akwai layuka uku a jikin tsauni, miƙe sambal kamar hanyoyin da aka yanka da gangan. Gano abin da ya zana su ya haddasa muhawarar fiye da shekara 20 tsakanin manyan masana kimiyyar ƙasa a ƙarni na 19, kuma da yawa daga cikinta a wasiƙu aka yi ta.

Daga ina batun ya faro?

Tushen maganar yana Suwizalan. A tsaunukan ƙasar akwai tulin ƙanƙarar da ke gangarowa a hankali kamar kogi, tana kankare duwatsu, tana ɗauko wasu ta jibge a bakinta. A 1815 wani maharbi mai suna Jean-Pierre Perraudin ya shaida wa masani Jean de Charpentier cewa irin wannan ƙanƙara ta taɓa cike kwarinsu, domin yana ganin sawunta a nesa da inda take a yanzu. Charpentier ya yi watsi da zancen, sai daga baya injiniya Ignaz Venetz ya gamsar da shi.

A lokacin, wasu masanan suna danganta manyan duwatsun da ake tsinta nesa da asalinsu da ruwan ɗufana. Charles Lyell kuwa yana ganin curin ƙanƙara masu yawo a teku ne suka kwaso su.

Me wasiƙun suka ƙunsa?

A 1837 Louis Agassiz, wanda ya koyi batun a wurin Charpentier, ya tsaya gaban taron masana a Neuchâtel ya ce ƙanƙara ta taɓa lulluɓe yanki mai faɗi na arewacin duniya. Manya suka fusata. Alexander von Humboldt, wanda ya tallafa masa tun yana matashi, ya rubuto masa yana ba shi shawarar ya koma binciken kifayen da suka zama dutse, fannin da ya yi suna a kai.

Agassiz bai ja da baya ba. A 1840 ya zagaya Sikotilan tare da William Buckland na Jami'ar Oxford, wanda a da yake kan gaba wajen kare ra'ayin ɗufana. Da suka ga Glen Roy, Agassiz ya ce layukan gaɓar wani tafki ne da ƙanƙara ta datse. Wasiƙar da ya aika wa Farfesa Robert Jameson a kan haka ta fito a jaridar The Scotsman ranar 7 ga Oktoba, 1840. A watan ne Buckland ya rubuta wa Agassiz cewa Lyell ma ya amince, ko da yake daga baya Lyell ya sassauto.

Wane ne ya yi kuskure?

Charles Darwin. A 1839 ya wallafa maƙala yana cewa layukan tsohuwar gaɓar teku ce, irin wadda ya gani a Kudancin Amurka. Ya riƙe wannan matsayi har 1861, lokacin da Thomas Jamieson ya je wurin ya tattaro hujjojin da suka gaskata Agassiz. Darwin ya rubuta wa Lyell cewa maƙalar tasa babbar katoɓara ce.

Shi ma Agassiz bai fita salin-alin ba. Ya riga Charpentier fitar da littafi a 1840, abin da ya ɓata tsakaninsu, kuma Karl Schimper, wanda ya ƙirƙiri laƙabin zamanin ƙanƙara, ya zarge shi da cinye masa haƙƙi. Haka nan har ya mutu a 1873 bai karɓi nazariyyar Darwin kan sauyawar halittu ba.

Daga wannan taƙaddama ce kimiyya ta tabbatar cewa yanayin duniya yana sauyawa matuƙa, kuma a kan wannan sani aka gina binciken sauyin yanayi na yau.