Band on the Run: Faifan da Rashi Ya Gina a Legas

A shekarar 1973, shekara uku bayan watsewar ƙungiyar Beatles, darajar Paul McCartney ta yi ƙasa a idon masu sharhin kiɗa na Ingila da Amurka. Jama'a na sayen faifansa, amma masana na cewa tun da ya rabu da John Lennon babu abin da yake yi sai waƙoƙin zaƙi marasa nauyi. Sabuwar ƙungiyarsa, Wings, ta fitar da kundi biyu ba su sauya wannan ra'ayi ba. Na ukun ne, Band on the Run, wanda ya fito a watan Disambar 1973, ya rufe bakin masu suka. Ya hau matsayi na ɗaya a Birtaniya da Amurka, ya kuma ci kyautar Grammy biyu. Abin tambaya shi ne daga ina wannan inganci ya fito. Ni a ganina daga rashi ya fito, domin McCartney bai taɓa rasa baiwa ba, matsi ya rasa, kuma a Legas ya same shi.

Shi da kansa ya zaɓi ɗakin ɗaukar sauti na kamfanin EMI da ke Apapa, yana zaton zai yi aiki cikin hutu da hasken rana. Ana gab da tashi, makaɗin jita Henry McCullough da makaɗin ganga Denny Seiwell suka fice daga ƙungiyar. Saura mutum uku: shi, da matarsa Linda, da Denny Laine. Suka sauka damina ba ta ƙare ba, suka tarar da ɗaki mai ƙarancin kayan aiki da na'ura mai layi takwas kacal. Wani dare 'yan fashi suka tare Paul da Linda da wuƙa, suka ƙwace har da kaset ɗin da ke ɗauke da gwajin sababbin waƙoƙin. Dole ya dogara da abin da ya rage a kansa, kuma dole ya hau ganga da kansa, ya haɗa da jita da bes da rerawa. Mai kayan miya kaɗan ba ya barbaɗa su ko'ina. Sai ya auna inda kowane zai yi amfani. Wannan aunawa ce kunne ke ji a faifan.

Waƙar farko, wadda kundin ya ci sunanta, ita ce babbar shaida. Cikin minti biyar ta ratsa zango uku: ta buɗe a sanyaye da muryar wanda ke tsare, ta koma kiɗa mai kaushi na wanda ke ƙulla shirin tsira, sannan kayan busa da na goge su tashi gaba ɗaya, jita ta ɓalle da gudu kamar an buɗe ƙofar kurkuku. Ko wanda ba ya jin Turanci zai gane an fita daga ƙunci zuwa sarari. "Jet" ta biyo da ƙarfi da saksafon, "Bluebird" ta sassauta, ita kuwa "Let Me Roll It" an gina ta a kan zubin jita guda mai kaifi da ake ta maimaitawa, da filin shiru a tsakani, har mutane da yawa suka ce salon Lennon suka ji a ciki. Gangar McCartney ba ta gwanin makaɗi ba ce, ba ta da ƙawa, amma tana tsaye inda waƙa ke bukatarta. Ga kuma ɗinki: a cikin "Picasso's Last Words" ana jin gutsuren "Jet" da "Mrs Vandebilt" sun dawo, waƙar ƙarshe kuma ta rufe da amshin ta farko. Shi ya sa ake sauraren faifan a matsayin tafiya guda.

Masu suka na da hujjoji, kuma ba na wasa ba ne. Ta farko ita ce kalmomin ba su da zurfi, wasu baitocin ma da wuya a ce ga inda suka dosa. Gaskiya ne McCartney ba Bob Dylan ba ne. Sai dai auna shi da wannan ma'auni kuskure ne, domin shi a karin waƙa da tsarin kiɗa yake ajiye ma'anarsa, kalma kuma yakan zaɓe ta ne don yadda take zama a baki. Ban da haka, jigon bai ɓuya ba: tserewa da neman 'yanci, daga mutumin da ya shafe shekaru cikin shari'o'in rabon Beatles.

Hujja ta biyu ta fi shafar ɗan Najeriya: me Legas ta samu? Fela Kuti ya zargi McCartney a fili da cewa ya zo satar kiɗan Afirka, har sai da McCartney ya kunna masa abin da suka ɗauka don ya ji da kunnensa. Fela na da dalilin tsoro, domin tarihin kiɗan Turai da Amurka cike yake da aron da ba a biya ba. Wasu kuma yau suna kukan akasin haka, cewa an je har gidan Afrobeat an dawo hannu wofi. Amsar duka biyun ɗaya ce. McCartney ya je ya kalli Fela yana wasa, kuma ya sha faɗin yadda kiɗan ya girgiza shi, amma kwaikwayon makonni kaɗan da sai ya haifar da abin da ba na can ba, ba na nan ba. Barin abin da bai ƙware a kai ba mutunci ne ga Fela, kuma alheri ne ga faifan.

Hujja ta uku ita ce labarin rashin an yi masa gishiri, tun da a Landan aka kammala aikin, inda Tony Visconti ya tsara kayan goge da na busa, aka kuma ɗauki "Jet". Wannan ma haka ne. Amma ado ba ya tsayar da abin da ba shi da ƙashi. Red Rose Speedway, kundin Wings da ya gabaci wannan, ya samu duk gatan Landan da cikakkiyar ƙungiya, bai kai ko kusa ba. Bambancin shi ne wannan karon Visconti ya tarar da waƙoƙin da wuya ta riga ta tace, aikinsa kawai ya haska su.

Ba a ce wahala kullum tana haifar da fasaha ba. Sau da yawa kashe ta take yi. Amma ga mai baiwar da komai ke zo masa da sauƙi, babban haɗarinsa shi ne ya gamsu da abin da ya fara faɗo masa. A 1973 McCartney ba shi da Lennon da zai ce masa wannan bai isa ba, sai yanayi ya faɗa masa, shi kuma ya saurara.