Tsaron Kara: Wa Ke Da Alhakin Me?

Ƴan uwa fatake da dillalai, tambayar da muka fi sha a tarurrukanmu ita ce, idan aka kama saniyar sata a kara, ko samari suka tayar da rikici wajen lodi, wa za a kai wa ƙara? Magajin gari, ko sarki, ko jandarma? To, bari mu warware yadda abin yake a Jamhuriyar Nijar, tunda yawancinmu ta Maraɗi da Ƙonni muke bi zuwa Jibiya da Illela.

Tun zaɓen ƙananan hukumomi na 2004 kasuwanni suka koma hannun hukumar gari, wato komin. Ita ke karɓar kuɗin kasuwa, ita ke da wurin tsare dabbobin da suka ɓata. A watan Afrilun 2024 gwamnatin soja ta rushe zaɓaɓɓun majalisu ta naɗa kantomomi, amma aikin kasuwa yana nan a ofishin. Sai dai fa hukumar gari ba ta da bindiga, ba ta yanke hukunci. Shi ya sa dole ta jawo wasu. Jandarma shi ke kamu da bincike a karkara ya miƙa wa alkali. Ma'aikacin dabbobi shi ke duba lafiya da takardu. Sarki da mai gari su ne masu sasanci, kuma su suka san wane baƙo ne ya kwana a gari da garke. Rikicin burtali da mashaya kuwa yana da kwamitocin filaye da dokar karkara ta 1993 ta tanada, inda manoma da makiyaya ke zama tare da hukuma.

Duk waɗannan ba sa ganin abin da mu muke gani. Ɓarawo ba ya satar shanu talatin don ya ci nama, kara zai kawo su. Kuma a kara ba ya iya sayarwa sai da dillali. Tun zamanin kakanni aikin dillali ke nan, ya tsaya shaida cewa ya san mai dabba, ya san garinsu, in magana ta taso shi za a nema. Ba don kawai ya haɗa ciniki yake cin la'ada ba. Dillalin da ya karɓi sa daga hannun wanda bai sani ba, da asuba, a bayan kara, a kan rabin kuɗi, ya san abin da yake yi, kar ma ya rantse mana.

Wasu cikinmu suna ganin tikitin kasuwa a matsayin haraji kawai, har su ba yaro ɗan wani abu su zagaye ƙofa. Wannan ganganci ne. Ran da wani Bafulatani ya nuna shaidar wuta a cinyar sa ya ce nasa ne, wannan ƴar takarda da sunan dillali su ne za su raba ka da kwana a hannun jandarma. In babu su, dabba ta tafi, kuɗi sun tafi.

Mun kuma ga abin da ke faruwa idan hukuma ta yanke ƙauna da kasuwa. A 2021 gwamnatocin Katsina da Zamfara sun rufe kasuwannin dabbobi da dama, har da ta Jibiya, suka hana ɗaukar shanu a mota, saboda shanun sata. Mai gaskiya da ɓarawo duk aka haɗa su, bashi ya ci mutane da yawa.

Saboda haka muna roƙon shugabannin kowane reshe su kai wa hukumar gari sunayen dillalansu, su nemi kujera a duk zaman da ake yi kan tsaro, su ajiye littafin ciniki na kowace ranar kasuwa: sunan mai sayarwa, garinsu, launin dabba da shaidarta. Ƴan banga kuwa, in an ɗauke su gadin dare, a gaya musu iyakarsu kamu da miƙawa ga hukuma, ban da duka. Wanda aka sace wa dabba ya sanar da reshe tun ranar, don a buga waya kasuwannin gaba kafin a yi lodi.