Kwatanta Kundayen Manhaja Uku na Zana Saƙar Dangantaka a Intanet

1.0 Gabatarwa

Masana sukan danganta asalin ilmin saƙar dangantaka ga Leonhard Euler, wanda ya warware matsalar gadoji bakwai na birnin Königsberg a 1736. A wannan fanni ɗigo shi ke wakiltar abu, layi kuwa alaƙar da ke tsakanin abubuwa biyu, kamar malami da ɗalibinsa. A wannan maƙala za mu kwatanta kundaye uku na harshen JavaScript waɗanda ake zana irin wannan saƙa da su a shafin intanet. Ma'auninmu biyu ne, wato yawan ɗigo da manufar mai bincike.

2.0 Kundayen

2.1 D3.js. Mike Bostock da abokan aikinsa na Jami'ar Stanford suka fito da shi a 2011. Galibi da SVG ake zane a cikinsa, inda kowane ɗigo ke cin gashin kansa, a yi masa launi da siffa yadda aka ga dama. Sai dai da zarar ɗigon sun kai dubbai, shafin yakan yi nauyi. Haka kuma mai aiki ne zai gina kusan kome da hannunsa.

2.2 Cytoscape.js. An raya shi a Jami'ar Toronto ta Kanada, musamman domin masu nazarin halittu. A kan allo guda, wato Canvas, yake zane, kuma yana tafe da dabarun lissafi, irin su hanyar Dijkstra ta gano tafarki mafi gajarta tsakanin ɗigo biyu.

2.3 Sigma.js. Wannan da WebGL yake aiki, yana ɗora nauyin zane a kan sashen hoto na kwamfuta. Don haka yakan ɗauki dubun-dubatar ɗigo. Lissafi kuwa ya bar wa wani kundi mai suna Graphology.

3.0 Kammalawa

A ganinmu, mai son ƙawata 'yar ƙaramar saƙa ya nufi D3.js, mai son nazari ya riƙi Cytoscape.js, mai ɗimbin bayanai kuwa Sigma.js ya fi dacewa da shi. Amma akwai abin lura. Sau da yawa ana shimfiɗa ɗigo ne bisa dabarar ja da turi, irin wadda Peter Eades ya gabatar a 1984, kuma da an taɓa saitin sai zanen ya sake kama. Saboda haka kusancin ɗigo biyu a allo ba hujja ba ce ta kusancinsu a zahiri. Wajibi ne manazarci ya koma ga alƙaluma kafin ya yanke hukunci.